Tarihin Lissafi a Ƙasarmu: Daga Ƙirgar Wuri Zuwa Hatimin Malam Muhammadu Bakatsine

Gabatarwa

Duk wanda ya yi makarantar sakandare ya san babu darasin da ya kai lissafi kwarjini a idon yara. Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa lissafi kayan Turawa ne, ya shigo mana tare da boko bayan da suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Wannan tunani har yanzu yana nan a zukatan 'ya'yanmu da ƙannenmu a Tambuwal da Kebbe da Dogon Daji da Kuchi da sauran garuruwanmu. Yaro tun bai buɗe littafi ba ya riga ya karaya, yana cewa wannan ba gadon gidansu ba ne. Ga shi kuwa in babu kiredit a lissafi, ƙofar fannoni da yawa na jami'a kan rufe wa yaro komai ƙoƙarinsa a sauran darussa.

Abin da nake so mu duba a wannan ɗan rubutu shi ne, tun kafin zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru ana lissafi a ƙasar Hausa, a kasuwa da gaban alƙali da zauren malamai. Har ma akwai wani malami Bakatsine da ya wallafa littafi a wannan fanni a 1732, wanda masana tarihin lissafi na duniya ke ambato har yau.

Lissafin kasuwa

Mu fara da kasuwa, domin nan ne kowa ke da hannu. Kuɗin kakanninmu wuri ne, wanda ake kawowa tun daga tsibiran Maldif da ke tekun Indiya, daga baya kuma daga gaɓar Zanzibar. Da yake wuri ɗaya ba ya sayen abin kirki, ciniki kaɗan sai ya kai dubbai, saboda haka dole aka samu sunaye na tsibi tsibi. Wuri 20 shi ne hauya, wuri 100 zangu, wuri 20,000 kuma keso, wato cikin jakar tabarma guda. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zaga ƙasar Hausa daga 1851, ya ba da labarin yadda ya ga ana ƙirga wuri a Tasawa. Ana jan su biyar biyar da yatsu, a tara tsibi na 200 ko na 1,000, kuma sai da mutum biyar ko shida suka taru kafin a gama ƙirga wuri 500,000. A Kano a wannan shekara wuri 2,500 ne ake ba da dalar azurfa ɗaya, ka ga ke nan keso guda dala 8 ne. Bafataken da zai sayi goro a Gwanja ya sayar a Jega ko Sakkwato, dole ya iya juya irin wannan lissafi da ka, ba alli ba allo.

Harshenmu ma shaida ne. Kafin mu ari ashirin da talatin da arba'in daga Larabci, Bahaushe na cewa gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu. Kuma har yau tsofaffi kan ce ashirin ba ɗaya maimakon sha tara, ko ɗari ba biyu maimakon casa'in da takwas, wato suna ɗebewa a cikin sunan lambar kanta. Muna da metan da arbaminya da hamsaminya da zambar. Da kuɗin Turawa suka zo, mutanen da ba su taɓa shiga aji ba suka riƙe cewa kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, suna haɗa taro da sisi da nai ba tare da kuskure ba, har zuwa 1973 da aka koma naira da kwabo. Fam 100 shi ake kira jaka, shi ya sa da aka canja kuɗi jaka ta zama naira 200.

Lissafin alƙali da malami

Musulunci ya zo da wasu hukunce-hukunce da ba su yiwuwa sai da lissafi, babba daga cikinsu shi ne rabon gado. Kason da Alƙur'ani ya yanka guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Halilu ya iske babin gado a cikinsu, kuma da waɗannan littattafai alƙalan daular Usmaniyya ke hukunci. Mu tuna Tambuwal gari ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, ga Sifawa inda Shehu ya yi shekaru yana karantarwa a arewa da mu, ga Gwandu ta Malam Abdullahi a kusa. Ke nan wannan ilmi a ƙofar gidanmu aka yi ta karantar da shi.

Ga misali ɗaya sananne. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba. Matar tana da sumuni, 'ya'yan biyu suna da sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. Malami zai nemi ƙaramar lambar da 8 da 3 da 6 duk za su iya raba ta daidai, sai ya samu 24. Wannan shi malamai ke kira asalin mas'ala, shi ne kuma abin da aka koya mana a aji ɗaya da sunan LCM. To, matar ta samu 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. In ka haɗa sai ka ga 27, alhali 24 ake da su. Yaya za a yi? Sai a ɗaga asalin ya koma 27, kowa ya ɗan ragu gwargwadon kasonsa, ba a tauye mutum ɗaya a bar saura ba. Wannan shi ne auli, wanda aka fara aiki da shi a zamanin Sayyidina Umar. Da mamacin shanu 27 ya bari, matar ta ɗauki 3, kowace 'ya 8, uwa 4, uba 4. Sumunin matar ya koma tusu'i ke nan. Duk wanda ya iya wannan, babu abin da zai ba shi tsoro a lissafin kaso na littafin makaranta.

Ba abin mamaki ba ne, domin shi kansa aljabra da irin wannan buƙata ya taso. Muhammadu ɗan Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban ɓangare na littafin a kan wasiyya da gado yake. Daga kalmar al-jabr da ke cikin sunan littafin aka samu sunan darasin. Su kansu lambobin da muke rubutawa, daga Indiya suka fito, suka bi ta hannun Larabawa. Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, a garin Bijaya na ƙasar Aljeriya ya koye su yana yaro, sa'an nan ya yaɗa su a Turai da littafinsa na 1202. Kalmar sifiri da muke faɗa da sunan da Turawa ke kiran wannan lamba duk tushensu ɗaya ne a Larabci.

Zakka ma haka take. Manomin gero ko dawa ba ya fitarwa sai amfaninsa ya kai wusuƙi 5, kowane wusuƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi 4, jimla mudu 1,200. In ruwan sama ne ya shayar, ushiri za a fitar, wato ɗaya cikin goma. In kuwa da wahala aka yi ban ruwa, kamar mai jigo a fadama, sai ɗaya cikin ashirin. Mai tumaki ko awaki daga 40 zuwa 120 guda ɗaya zai bayar, daga 121 zuwa 200 guda biyu. Zinariya da azurfa kuwa ɗaya cikin arba'in.

Sai lissafin taurari, wanda malaman ƙauye ke gaya wa manoma lokacin shuka da shi. Sun raba shekara zuwa masaukai 28, kowanne kwana 13. In ka ninka sai ka samu 364, sai a ƙara wa masauki ɗaya kwana guda ya zama 365. Kowane yanayi na shekara yana da taurari bakwai. Da haka ake sanin inda damina ta kai, ko da yake watannin Musulunci suna zagayawa suna rage kimanin kwana 11 kowace shekara.

Akwai kuma lissafin haruffa, inda kowane harafin Larabci yake da adadinsa. Da shi mawallafan waƙoƙi irin su Nana Asma'u ke sa ramzi a ƙarshen waƙa don nuna shekarar da aka yi ta. Alal misali, Shehu ya rasu a shekara ta 1232 bayan Hijira, wato 1817. In za a rubuta wannan da haruffa, sai a kawo shin mai 1,000, da ra mai 200, da lam mai 30, da ba mai 2. Amma a lura, wannan ƙirgar Magariba ce, wadda ita malamanmu ke bi. A ƙirgar Gabas shin 300 ne, saboda haka wanda bai san bambancin ba sai ya karanta 532, ya yi kuskuren shekara 700 cur.

Malam Muhammadu Bakatsine

Yanzu bari mu zo kan mutumin da ya fi kowa fice a wannan fage. Sunansa a littattafai Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafillace Bakatsine. Ya taso a ƙasar Katsina a lokacin da birnin ke cike da malamai, bayan zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667. Cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu al-Wali na Bagarmi, da Shehu Muhammadu Bindu wanda a wurinsa ya ƙware a ilmin hisabi da hatimi. Wajen 1730 ya tafi aikin Hajji, bayan nan ya zauna a Alƙahira ta Masar. A 1732 ya kammala littafinsa mai suna Bahjat al-Afaq, a kan ilmin haruffa da hatimai. Yana da wani kuma mai suna al-Durr al-Manzum, a kan taurari.

Abin lura a nan shi ne, bai je Masar a matsayin almajiri mai neman a koya masa ba. Da ilminsa ya tafi daga gida, har manyan malaman Azhar suka zauna gabansa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Shehu Hasan al-Jabarti, masanin taurari da lissafi, wanda ya sauke shi a gidansa. A wannan gida Malam Muhammadu ya rasu a 1741, shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu, ya kuma bar wa mai masaukinsa wasiyyar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma a cikin littafin tarihinsa ya rubuta labarin wannan baƙo na mahaifinsa da yabo mai yawa. Ta nan ne duniya ta san mafi yawan abin da ta sani game da shi. A 1973 wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta bayyana aikinsa a littafinta Africa Counts, daga nan sunansa ya shiga littattafan tarihin lissafi.

To, mene ne hatimi a wajen mai lissafi? Murabba'i ne da aka raba gida gida, a zuba lambobi a ciki ba tare da maimaita ko ɗaya ba, ta yadda in ka haɗa kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za ka samu. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku uku:

4   9   2
3   5   7
8   1   6

Ko ta ina ka bi 15 za ka samu. Dalili kuwa shi ne, daga 1 zuwa 9 in an haɗa 45 ne, a raba wa layi uku kowanne ya samu 15. Kuma dole 5 ce za ta zauna a tsakiya. Ga hujja: layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Waɗannan layuka sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. In ka cire 45 daga 60 saura 15, wato lambar tsakiya sau uku, ka ga 5 ke nan. Mutanen Sin sun san wannan hatimi tun zamanin da. Malamanmu kuma suna kiran sa buduhu, saboda lambobin kusurwoyinsa, 2 da 4 da 6 da 8, su ne adadin haruffan ba da dal da wau da ha.

Malam Muhammadu ya bayyana hanyoyi daban daban na cika hatimai masu gidajen wutiri, wato masu layi 3 ko 5 ko 7 ko 9, har abin da ya yi sama, ya kuma gargaɗi ɗalibinsa da ya yi haƙuri kada ya karaya in abin ya ƙi fita da farko. Don mai karatu ya ɗanɗana irin wannan aiki, ga wata hanya mai sauƙi, wadda wani jakadan Faransa mai suna de la Loubère ya koyo a tafiyarsa ta ƙasar Siyam ya buga a 1691. A sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Daga nan kowace lamba sai ta hau sama gida ɗaya, ta matsa dama gida ɗaya. In ta fita ta sama sai ta shigo ta ƙasa, in ta fita ta dama sai ta shigo ta hagu. In ta iske gidan da mai shi, ko ta fita ta kusurwar sama ta dama, sai ta sauka ƙarƙashin lambar da aka rubuta ta ƙarshe. Ga abin da za a samu a mai gida biyar biyar:

17   24   1   8   15
23   5   7   14   16
4   6   13   20   22
10   12   19   21   3
11   18   25   2   9

Kowane layi 65 ne, domin daga 1 zuwa 25 jimlarsu 325, a raba biyar. Mai gida bakwai bakwai zai ba da 175, mai tara tara 369. Ina roƙon kowane ɗan'uwa ya zaunar da yaransa su gwada na bakwai, zai ga yadda za su manta da cewa lissafi suke yi.

Kowa ya san abin da ake yi da hatimi a ƙasarmu, ana rubuta shi a laya ko a allo, kuma malamai sun daɗe suna saɓani a kan halaccin haka. Wannan magana tasu ce, su ne masu ita. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ƙa'idar da ke cikin jeren lambobin, wadda gaskiya ce ko a hannun wa take. Manyan masana na Turai sun ba ta lokacinsu. Bafaranshe Frénicle de Bessy ya gano cewa hatimi mai gida huɗu huɗu iri 880 ne, aka buga aikinsa a 1693. Leonhard Euler, wanda yana saurayi ɗan shekara 25 lokacin da Malam Muhammadu ya gama littafinsa, shi ma ya yi rubutu a kan hatimai da danginsu. Mai gida biyar biyar kuwa sai a 1973 aka iya ƙirga shi da kwamfuta, aka samu iri 275,305,224. Daga dangin hatimi da Euler ya yi nazari ne R. A. Fisher ya tsara yadda ake raba fili a gwajin iri da taki a Ingila cikin shekarun 1920, ta yadda kowane iri zai faɗo sau ɗaya a kowane layi, kada albarkar wani gefen gona ta ruɗi mai gwaji. Masu binciken aikin gona suna amfani da wannan tsari har yau. Wasan sudoku da yara ke yi a waya ma daga wannan gida ya fito.

Lissafin magina

Kafin in rufe, kada mu manta da masu aikin hannu. Magini in zai fitar da ɗakin da'ira ko rumbu, turke yake kafawa ya ɗaura igiya ya zagaya, daidai da abin da muke yi da kamfas a takarda. Ya kuma san cewa zagayen ɗaki ya ɗara faɗinsa sau uku da ɗan kaɗan, wato abin da Archimedes ya nuna bai kai uku da subu'i ba, mu kuma muka haddace da 22 bisa 7. Rumbu mai da'ira ya fi mai kusurwa cin hatsi in tsawon bangonsu ɗaya ne. Bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu yana nan tsaye, shaida ce ta sanin awo da nauyi. Haka mai ɗinkin aska takwas, da mai saƙar faifai, da masu dara da ke zaune gindin bishiya da gurabe 30 da 'ya'ya goma sha biyu biyu, duk ƙirga da tsari suke yi.

Kammalawa

Gaskiya ne boko ya kawo mana fannoni da yawa da kakanninmu ba su sani ba, kuma 'yan Arewa sun nuna za su iya, kamar Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Amma yaron da aka gaya wa cewa kakansa na raba gado da kaso, kuma wani Bakatsine ya koyar da malaman Masar, ba zai shiga aji da irin fargabar wanda ya ɗauka baƙon abu aka kawo masa ba.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Na farko, mu sa kyauta ta shekara shekara ga ɗalibi da ɗalibar da suka fi ƙwazo a lissafi, mu kuma riƙa tuna malaman wannan darasi da ɗan abin da ya sawwaƙa. Na biyu, malaman da ke cikinmu su riƙa kawo misalan gado da zakka da hatimi da awon rumbu a cikin aji, su kuma gayyato malaman zaure masu sanin fara'ili su yi wa yara bayani. Na uku, duk wanda ya san akwai tsofaffin takardu a gidansu, a Tambuwal ne ko a Kebbe ko a ƙauye, ya taimaka a nuna su ga ma'aikatan Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato a ɗauki hotonsu, tun gara da ɗigon damina ba su gama da su ba. Littafin Malam Muhammadu ya tsira ne don an samu masu adanawa.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, ya kuma buɗe ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu. Amin.